Me Danja Ta Ce?

Mahaifina bai taɓa yarda da abin da ake sa wa caji ba. Waya yana da ita, har biyu ma, domin sana'arsa ta shigo da tukwane da kwanuka ba ta tafiya sai da ita. Amma idan za a yi maganar gida, sai ya kife ta ya ɗora hula a kai, wai tana ji. Wata rana ya yi kukan ciwon gwiwa da safe, da yamma ta nuna masa tallar man zafi. Shi ke nan, magana ta tabbata, babu mai iya cire masa ita daga kai.

Ni a Abijan aka haife ni, makarantar Faransanci na yi, Hausata ma dariya ake mata idan mun je Kano. Ina ganin na waye, ina yi masa tsiya a kan zarge-zargensa. Ashe halin nan na gaje shi tas, ban sani ba sai da na fara zarginsa shi kansa.

Muna zaune a unguwar 220 Logements, a Adjamé. Shagonsa yana kasuwar Treichville, ofishin da nake aiki ma can yake, don haka kullum da safe tare muke tsallaka gada a tsohuwar motarsa. Tun ina ƙarama ni ke karanta masa allunan hanya, saboda ba ya karatun Faransanci. "Uwata, karanta min, in ga ko malamanku suna aiki," haka yake cewa. Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Sannu a hankali tambayar ta sauya. Muna dosar mahaɗa sai ya ce, "Uwata, me danja ta ce?" Da fari na ɗauka wasa ne. Nakan ce, "Baba, fe ɗin ma da Faransanci aka rubuta shi?" Fe ake ce wa danja a can. Ya yi dariya, ni kuma in faɗa masa launin. Amma wasan da ake yi a kowace mahaɗa, kowace safiya, ya daina zama wasa.

Sai koke-koke suka biyo baya. Fitilun sababbin motoci, fararen nan masu kashe ido, wai masu sayar da tabarau ne suka haɗa baki da masu ƙera mota. Gilashin gaban motarsa wai jabu ne, ya sa aka canza, bayan mako ya ce sabon ya fi tsohon hazo. A majalisarsu ta bakin shago kuwa ya sami 'yan amshi. Wani alhaji mai atamfa ya kunna musu saƙon murya da ke cewa aikin ido da na'urar haske yana ƙone jijiyar ƙwaƙwalwa. Wani ya rantse tabarau cin ido yake yi, wanda ya fara sa shi ba ya dainawa. Waɗannan mutanen da ba su yarda da waya ba, duk abin da ta faɗa musu na tsoro sun yarda da shi ɗari bisa ɗari. Abin yana ƙona min rai.

Na ce masa mu je a duba, ƙila yanar ido ce, kuma ana cire ta. Ya harare ni. "Dokotoro da makaniki uwarsu ɗaya. Kai masa lafiyayye, zai samo masa cuta."

Daga nan na sa masa ido, na daina duba wayata a mota. Na lura yana manne wa motar da ke gabansa, ta tsaya ya tsaya, ta tafi ya tafi. Idan babu kowa a gaba, na baya yake jira su danna oda, kuma direban Abijan ba ya ba da kunya, kafin kore ya gama kamawa ya cika maka kunne. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne gbaka, motocin hayar nan da Baba ya yi shekaru yana yaƙi da su a kan taku ɗaya na kwalta. Yanzu shi ke rage gudu yana ba su hanya su shiga gabansa.

Na ce, "Baba, yaushe kuka shirya da 'yan gbaka?"

Ya ce, "Girma ne, uwata. Haƙuri."

Ban yarda ba. Na sami mahaifiyata tana tankaɗe, na zayyana mata komai. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Motar nan ita ce ƙafarsa. Ranar da aka raba shi da makulli, tsufa ya kama shi. Ke dai ki riƙa faɗa masa." A nan na gane ta riga ni sani. Haushi ya kama ni, tsoro kuma ya fi haushin, domin ba kullum nake cikin motar ba, kuma titi ba namu ne mu kaɗai ba.

Wata safiyar Asabar na raka shi shago. Hanya fayau, babu cunkoso. Muka sauko daga gada muka doshi wata mahaɗa kafin kasuwa, babu mota a gabanmu, babu a bayanmu. Danja ta yi ja tun daga nesa.

"Uwata, me ta ce?"

Na ce, "Duba da kanka, Baba."

Ya ƙura wa gaba ido. Ina kallon ƙafarsa, ba ta bar totur ba. Wata mata ta sauko titi da kwanon aceke, abincin rogo, a ka. Na kurma ihu, "Tsaya!" Ya taka burki har goshina ya kusa dukan gilashi. Matar ta daskare a gaban motar, hannu ɗaya a kan kwano, ta dube mu. Sannan ta ƙarasa tsallakawa da sauri.

Baba ya gangara gefen titi, ya juyo kaina cikin fushi. "Wannan wane irin rashin kunya ne? Ina tambayarki kina min gatse? Me ya sa ba ki faɗa min ja ce ba?"

Hawaye suka zo min. Na ce, "To na ji, danja laifina ne. Matar fa, Baba? Ita ma sai na faɗa maka?"

Ya ce, "Wace mata?"

Na juya na dube shi. Shi ma ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Ya daɗe yana kallon gaba, hannayensa biyu a kan sitiyari, sannan ya yi tambaya a hankali, kamar mai tsoron amsa.

"Ita kaɗai ce?"

Na ce, "Da goyo."

Ya kashe motar.