Kwalaben Miyau Ashirin da Shida

Shekarar mai ɗinkin nan tara da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba, dangin miji kuwa ba su bari ta manta ba. Da ta gaji da jiƙe-jiƙe sai ta je asibiti. Likita ta ba ta ƙananan kwalabe, ta ce kullum da safe, kafin ta ci komai, ta tofa miyau a ɗaya, ta rubuta kwanan wata, ta sa a firiza, daga wannan al'ada zuwa ta gaba. Da shi za a auna hawa da saukar sinadaran jikinta, a ga ko tana fitar da ƙwai.

Ta tara ashirin da shida. Washegari da sassafe ƙanwar mijinta ta buɗe firiza neman nama, ta gan su, ta kwashe ta watsa a kwata.

"Asirinki ya tonu, muguwa! Da wannan kika shanye Yaya?"

Mai ɗinki ta dubi kwalaben cikin ƙazanta. Miyan safiyar nan yana bakinta tukuna. Ta matso, ta tofa mata shi a ƙafa.

"Ga na ashirin da bakwai. Kai wa Yayan naki."