Firijin Bokitin Fenti

Duk wanda ya ce maka ya san zafi, tambaye shi ko ya taɓa yin watan Afrilu a Sakkwato. A shekarar da taransifomar unguwarmu ta ƙone, da idona na ga ƙadangare yana gudu a kan bango da ƙafa biyu yana hutar da biyu. Ana cewa ina ƙara wa magana gishiri, amma masu faɗin haka ba su ga ƙadangaren ba.

Lokacin Innarmu tana gidan Yaya, babbanmu, kamar yadda aka saba, uwa in ta tsufa gidan babban ɗa take zama. Tana da ciwon suga, ana yi mata allura safe da yamma. Ruwan allurar yana cikin wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, kuma nas ta gargaɗe mu cewa zafi yana kashe shi. In ya mutu, ko an yi allurar, daidai yake da an tsira mata ruwan rijiya. Da akwai wuta firiji ke riƙe kwalbar. Da wuta ta tafi ba ranar dawowa, sai aka koma binne ta cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Randar kuwa a wannan wata ita ma neman mai yi mata fifita take.

Ƙanwarmu tana aure a unguwar Gidan Dare. Mijinta hatsi yake sayarwa, ya sa sola a gidansa, firijinsa ba ya ko tari. Ta zo ta ce a ba ta Inna har wuta ta dawo. Magana ce ta hankali, shi ya sa ta fi yi wa Yaya ciwo. Uwa ta bar gidan ɗanta na fari yana raye, ta koma cin tuwon gidan suruki? Ya ce ranar da haka ta faru ya gama zaman majalisa, don ba shi da fuskar da zai zauna da ita. Ko ƙanƙarar da surukin ya ce a riƙa zuwa karɓa ƙi ya yi. Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa Inna ta zauna, amma ranar da magani ya lalace, ranar za ta tashi. Ita Inna ba ta sa baki ba. Dama ko sunan Yaya ba ta kamawa, ɗan fari ne, “wancan” take ce masa.

Yaya yana da gonar albasa a fadama, wajen Kwalkwalawa. Can ya daɗe da lura cewa in ya jiƙa takin yuriya a bokiti zai zuba wa shuka, ruwan yakan yi sanyi har bokitin ya yi gumi, hannu ya yi tsami. Sai ya kawo wannan ilimi gida. Ruwa rabin bokiti, ya zuba taki da gwangwani, ya motsa da itace, ya sa kwalbar Inna cikin gwangwanin madara mai murfi, ya ɗaure da leda, ya tsoma, ya rufe da buhu. Sanyin yakan kai wani lokaci kafin ya huce, sai ya sake sabon haɗi. Tsohon ruwan kuma ya ɗura a jarka ya kai gona. Albasar da ya cire a shekarar, guda ɗaya sai mutum biyu sun kama.

Ni ya fara kira in gani, don ni ne na ɗan yi nisa a boko. Na sa hannu, na ji sanyi har haƙorina. Na tuna malaminmu na kimiyya a sakandare, wanda yakan ce zafi ba ya mutuwa, ƙaura yake yi. Wani abu in ya haɗu da ruwa sai ya haɗiye zafin da ke kusa da shi kafin ya narke, ruwan ya yi sanyi. Wani kuma a cike yake da zafi, ruwa na taɓa shi sai ya amayar. Yakan ba mu misali da siminti, wanda in an kwaɓa ya fara kamawa za ka ji ɗumi a jikinsa. Na yi wa Yaya wannan bayani duka. Rabin farko kawai ya saurara, ya ce to shi ke nan, ashe boko ma ya yarda da shi.

A gidajenmu akwai wata al'ada da ba a rubuta ko'ina ba, bokitin fenti ba ya mutuwa. In fenti ya ƙare a wanke shi, ya zama rumbu. Gero a ciki, gishiri a ciki, omo a ciki, duk farare, duk da murfi iri ɗaya, kuma ba mai rubuta komai a jiki, don kowa ya san nasa da wurin da yake ajiye shi. Matar Yaya sabulu take yi na sayarwa, sodarta ta haɗa sabulu, mai cin fata, tana cikin irin wannan bokiti a sito. Soda farar tsaba ce. Yuriya ma farar tsaba ce. Nata yana hagun ƙofa, nasa yana dama, aka yi makonni lafiya. Sai ranar da aka yi shara a siton, aka fitar da kaya, aka mayar.

Ranar Yaya ya yi haɗinsa da sauri don an kira azahar. Bai taɓa ruwan da hannu ba, ya riga ya zama gwani. Ya tsoma gwangwani, ya rufe da buhu, ya tafi masallaci. Daga can ya kamo ni da wani abokinsa mai sayar da yadi a kusa da Hubbare, wanda ya daɗe yana cewa ƙarya ce, taki ba ya sanyi. Yaya yana tafe yana cewa yau zai ga abin da Turawa ba su gano ba.

Muka tarar da buhun yana tururi. Bokitin ya yi ciki, ya karkace gefe kamar tsohon da ke neman sanda. Wani wari mai shaƙe maƙogwaro ya cika zauren. Abokin ya ja da baya, ya ce, “Alhaji, wanga firiji naka, shayi aka dahwawa ciki?”

Yaya ya miƙa hannu zai ciro gwangwanin. Matarsa ta fito a guje ta bugi hannun, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka ɗaura musu aure.

“Soda ta, malam. In ka sa hannu, ƙashi za ka hiddo.”

Da muciya aka ciro gwangwanin. Ledar ta manne, kwalbar kuwa sai da aka riƙe ta da tsumma. Ruwan ciki ya yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya tsinke. Matar ta ce ita in ta jiƙa soda sai ta bar ta ta kwana ta huce kafin ta haɗa da mai, wa ya taɓa ganin an ba soda ajiyar magani. Yaya ya tsaya yana kallon 'yar kwalbar, hularsa a hannu.

Kafin la'asar labari ya kai Gidan Dare. Ƙanwarmu ta iso da mota, mijinta yana tuƙi, da sabuwar kwalba cikin filas mai ƙanƙara. Aka yi wa Inna allurar yamma a kan lokaci. Ƙanwarmu ta shiga haɗa kaya, ta ce alƙawari aka yi, kowa ya ji. Yaya yana tsugune a bakin ƙofar ɗakin, bai musa ba. Ni ma a ranar ban sami abin dariyar da zan faɗa ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inna ta bari har aka ɗaure akwati, sannan ta tambaya wa aka ce zafi yana kashewa, ita ko kwalba. Aka ce kwalba.

“To, ni shekaruna duka cikin zahin ga na yi su, ban narke ba. Ƙanƙara ta zo, ni ban zuwa. Wancan na da mashin.”

Haka aka kwance akwati. Tun daga washegari, kullum bayan asuba Yaya yakan ɗaura filas a bayan mashin ya tafi Gidan Dare, ya tsaya a ƙofar mijin ƙanwarsa, ya yi sallama, ya jira a fito masa da ƙanƙara, ya yi godiya. A hanyar dawowa dole ya bi ta gaban majalisa, kuma ba ranar da ba a tambaye shi ko yau dafuwa za a yi ko sanyaya ba. Yakan ɗaga hannu ya wuce. Haka ya yi har aka kawo sabuwar taransifoma, damina ta riga ta yi nisa.

Inna tana ɗakinta har yau. Bokitan fentin ma suna nan a sito, ba rubutu a jikin ko ɗaya. Sai dai matar Yaya ta ɗaura jan ƙyalle a hannun na soda, shi kuma Yaya ko gishiri zai zuba a ruwa yanzu, sai ya fara taɓa gefen kwanon da bayan hannu.