Ƙwayoyin aljihuna suka sa aka ce ina da suga

Salamu alaikum 'yan uwa. Kusan shekara hamsin ban ba kowa labarin nan ba, sai yau da na ji maƙwabcina zai je gwajin suga.

Lokacin Abuja ake ce wa garinmu, bai zama Suleja ba. Ina saurayi, kafinta a unguwar Magajiya, ni ke hawa rufin kwano.

Kasala ta kama ni, ga ciwon gaɓoɓi. Na riƙa sayen asfirin da bitamin C a kemis, ina zubawa a aljihu, ina watsawa baki kamar gyaɗa.

Da abin ya ƙi, na je asibiti. Likita ya ce, "Kana shan wani magani?" Na ce a'a. Wallahi ba ƙarya na nufa ba. Mu a wurinmu ba a lissafa abin kemis, sai wanda likita ya rubuta.

Aka ce in zo da safe ban ci komai ba. Ban ci ba, amma na haɗiyi ƙwayoyina.

Suka ɗebi jini. Fitsari kuma mai gwaji ya ɗiga a wani ruwa shuɗi, ya dafa, ya koma ja kamar bulo. Aka ce suga ne, aka ba ni magani.

Kwana huɗu, jiri ya ɗebe ni a saman rufi. Allah ya sa na rungume katako. Maigidana ya ce, "Sale, mai suga ba ya hau mini sama. Sauko ka riƙa miƙo ƙusa."

Sana'ata ke nan za ta tafi. Na ce sai na gane abin nan.

Na koma asibiti, aka kwantar da ni, aka tsayar da maganin suga, rigata kuma Inna ta tafi da ita gida. Kullum ina leƙen mai gwaji. Kwana biyar, ruwan nan shuɗi yake tsayawa.

Na ce, "Likita, abu ɗaya ya canza. Ƙwayoyina suna aljihun rigata a gida."

"Waɗanne ƙwayoyi? Guda nawa a rana?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba."

Ya dafe kai. Ya ce su suka ruɗa gwajin. Aka sake ɗibar jini, babu suga. Ashe tsutsar ciki ce ta shanye mini jini.

Wata biyu na murmure. Maigida ya miƙo mini guduma, ya ce, "To, ɗan taurin kai, hau."

Alhamdulillahi. Allah ya jiƙan Inna, ya saka wa likitan nan.

Kada ka tsayar da magani da kanka. Amma in za ka gwaji, juye aljihunka a teburin likita, har na kemis.