Ɗanƙarami da Mangwaron da Ya Ji Sanyi

Shekara talatin Ɗanƙarami yana kawo mangwaro daga lambunan Mirriya zuwa rumfarsa ta Zango, kuma ba ya miƙa wa mai saye ko ɗaya sai ya taɓa shi da bayan hannu, kamar uwa mai duba goshin ɗanta. Ma'ajiyarsa randa ce da ya binne cikin jiƙaƙƙen yashi.

Da 'yarsa Rahina ta fara koyarwa a lakwal, makarantar boko, sai ta sayo masa firigo. Ya tafi ta'aziyya Dakusa, ita kuwa ta juye kwandon ɗanyen mangwaro a cikin firigon, ta ƙure sanyin, wai ta faranta masa.

Bayan mako guda ya dawo, ya tarar fatar mangwaron ta yi tabo-tabo. Ya fito da shi ko zai nuna, ya ƙi, babu zaƙi babu ƙamshi. Tsoho ya yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo.

"Wa ya gaya maku mangwaro kifi ne?"

Yana juyawa ya ga Rahina ta sunkuyar da kai tana hawaye, sai ya sassauta murya.

"Share hawayenki, uwata. Shi mangwaro ɗan rana ne, irina. Sanyin randa yake so, ba na ƙanƙara ba."

Mangwaro ya koma randa. Firigon kuwa yana nan bakin rumfa, cike da ruwan sha kyauta don 'yan kabukabu masu babur. Duk wanda ya sha, sai Ɗanƙarami ya dafa ƙofar firigon ya ce, "Rahinata ce ta saya mini. Ka taɓa ganin irinsa a Zango?"