Ƙarar da Ke Ƙarƙashin Ƙofar Direba

Jiya a motar haya wani abu ya dinga ƙwal-ƙwal a ƙarƙashin kujerata tun daga tasha har inda na sauka. Sau biyu ina yi wa direban magana, shi kuwa ya ce ai mota tana tafiya, me kuma nake nema. Kowa ya san ni da gajen haƙuri, ban musa ba. Amma wannan dabam ne, kuma gara in gaya maka dalili.

Ina da shekara takwas lokacin da Baba yake tuƙa wani Baturen gona a Haɗeja. Motocin garin a lokacin ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Tasu kitika ce koriya mai buɗaɗɗen baya. Baba ɗan masunta ne, ya bar taru da kwalekwale, ya yi shekaru yana wanke motar wani yana cin zagi kafin ya sami lasin. In ya sa kakinsa da safe har tafiyarsa canzawa take yi. Aikin nan shi ne duk abin da ya mallaka.

Kakata, mahaifiyarsa, ba ta taɓa son aikin ba. Direban da Baba ya gada mota ce ta kife da shi a hanyar Auyo, a amalanke aka kawo gawarsa. Kaka ta karɓo laya wurin malaminta, Baba ya rataye a jikin madubi, Baturen ya gani ya sa aka cire, ya ce kada ya ƙara ganin irinta a motarsa. Kaka ta karɓi abarta. Ta kai wa baduku ya sake ɗinke layar a cikin fata, haɗe da ɗan ƙahon gada.

Wata rana da damina Baba ya ajiye motar a ƙofar gida ya shiga cin abincin rana. Kaka ta yafito ni. Sunanta aka sa mini, don haka takwara take ce mini, Baba kuma ya ce uwata. Akwai wata 'yar kafa a ƙarƙashin ƙofar direba, inda ƙarfen yake da kogo kamar gora, kuma a liƙe yake, ba noti ba kusa. Hannunta bai shiga ba, nawa ya shiga. Na tura layar da yatsu, na ƙarasa da kara har ta ɓace can ciki. Ta riƙe kunnena ta ce ranar da na faɗa wa wani, layar ta karye, kuma duk abin da ya sami ubana a hanya bakina ne ya jawo.

Duk daminar nan shiru. Fatar tana da danshi, hanya kuma laka ce mai taushi. Ruwa ya ja baya daga fadama, aka yanke shinkafa, warin busasshen kifi ya cika unguwa. Da bazara ta shigo, ƙasa ta tsattsage, hanya ta zama gargada zalla, fatar ta bushe ta ƙanƙance ta yi tauri. Sai ƙara ta fara. Ƙwal-ƙwal-ƙwal, 'yar ƙarama, kamar ƙwallon goruba a cikin gwangwani.

Baturen ba ya jure ƙara. Ya sa tafinta ya gaya wa Baba cewa direban da ya kasa gano ƙara a motarsa ba za a amince masa da birki ba. Ya ba shi sati biyu, kafin su fita rangadin Birniwa.

Ka san irin wannan ƙara muguwa ce. In mota ta tsaya, ta yi shiru. In ka ji ta a dama, ka matsa dama, sai ta koma hagu. Baba ya naɗe sifanu da jak a cikin buhu. Ya sauke safaya. Ya cire kujera ya kakkaɓe, ya sami sisi ɗaya da murfin kwalba, ya yi murna, ya hau hanya, ƙarar tana nan. Ya yayyanka tsohuwar tayar keke ya cusa a duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Ya buɗe cikin ƙofofin biyu ya shafa giris. Yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana danna nan yana danna can ko za ta yi shiru. Maƙeri ya duba, ya ce aljani ne. Baba ya ce shi da ƙarfe yake aiki, ba da aljanu ba.

Saura kwana uku ya ɗauke ni. Ya ce kunnen yaro ya fi na babba. Ya zaunar da ni a ƙasan motar, wajen ƙafafunsa, muka hau gargadar da ke bayan gari. Ƙarfen yana ƙona mini cinya. Ƙarar tana dukan ƙasan tafin hannuna, ina jin ta har cikin haƙora.

"Uwata, saurara da kyau. Daga ina take fitowa?"

Na dubi ƙafarsa a kan birki, na tuna amalanken nan. Na ɗaga hannu na nuna masa bayan mota. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya kwana biyu yana kwance katakon baya ɗaya bayan ɗaya.

Na je wurin Kaka ina kuka, na ce ta faɗa masa, ko ta bar ni in faɗa. Tana sheƙar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Takwara, aiki ake sakewa. Ɗa kuwa guda na haifa."

Ranar rangadi Baba ya fita da kakinsa, kafin hantsi ya dawo da shi a naɗe a hammata. An ɗauko wani direba daga Kano. Inna ta kawo masa ruwa bai sha ba. Da damina ta zagayo ya koma kwalekwalen ƙanen ubansa, ya zama ɗan ja taru a ƙarƙashin yaran da ya girma. Kaka kuwa ta yi sadakar waina a ƙofar gida. Har ta rasu tana cewa layar ta yi aikinta, tun da ɗanta ya fito da ransa.

Yanzu Turawan sun tafi, an zuba kwalta, direbobi suna rataye layu biyar biyar a madubi ba mai ce musu kanzil. Motocin duk ƙara suke yi, ba wanda ya damu. An sha yi wa Baba tayin tuƙa motar kasuwa, ya ƙi. Cewa yake yi Baturen ya yi gaskiya, shi dama ba shi da kunnen direba, ƙaddara ce ta kai shi.

Ni da na yi sakandare, na gaya wa shugabar makaranta gaskiya a gabanta, na gaya wa mijina, ban taɓa jin ɗar ba. Na san fata da ƙaho ba sa riƙe mota a kan hanya. Duk da haka duk zuwan da zan yi gida sai na shirya maganar layar tun daga tasha. In na durƙusa na gaishe shi, na ajiye masa goro, sai ya ce, "Uwata, ya hanya?" Ni kuma in ce lafiya lau, Baba, in tashi in shige wurin Inna.