Hoton da Ɗantala Ya Kai wa Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 17 ga Fabrairu, 2009, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokina Malam Ɗantala Ja'afaru, mutumin Funtuwa, a wani asibiti a nan Doha, bayan jinyar kwana huɗu ta ciwon zuciya. Shekararsa arba'in da bakwai, goma sha ɗaya daga ciki ya yi su yana direban wani gida a unguwar Aziziya. Bayan la'asar muka yi masa sutura.

Ɗantala, ni ne Suraj, bakaniken Sana'iyya, unguwar garejoji, wanda ka ce bakinsa ba ya buɗewa sai da mita. To yau ba mita zan yi ba. Shaida zan bayar, kuma wallahi zuciyata a cunkushe take.

Duk Bahaushen da ya sauka garin nan a shekarun nan ya san tsohuwar kyamararka mai fim da shuɗiyar shaddarka. In baƙo ya zo, ranar Juma'a sai ka ɗauke shi zuwa bakin teku, ka ara masa shaddar da hula zanna, ka tsayar da shi ka ɗauka, don ya aika gida hankalin uwarsa ya kwanta. Ni ma ita na sa, hannun rigar ya rufe mini yatsu. Wani ya taɓa tsokanarka cewa rigar nan ta shiga gidaje a Kano da Gusau fiye da limamin unguwa. Ka yi dariya ka ce ai uwa ba riga take kallo ba, kumatu take dubawa.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tafiyarmu ta watan Janairun 2006.

Mahaifiyarka, Inna Asabe, da niƙau ta raine ka bayan rasuwar mahaifinka. Shekara ashirin tana durƙushe gaban dutsen niƙa tana yi wa makwabta gari, har gwiwoyinta suka yi kanta. Wata rana wani mai kula da lambu, mutumin Oman, ya ba ka labarin cewa a kan tsaunukan ƙasarsu akwai tsohon ɗakin niƙa tun na kakanni, wanda ruwa ne ke juya dutsensa, ba hannu ba, ba inji ba. Ka faɗa wa Inna a waya. Ta ce, "Ɗantala, ƙarya ba ta yi maka kyau. Sai na gani." Ka yi alkawarin kai mata hoto. Matsalar ita ce likita ya riga ya faɗa cewa hawan jinin ido ya ci ƙarfin ganinta, abin da ya rage ɗan kaɗan ne, kuma in ya tafi ba zai dawo ba.

Ana haka uban gidanka ya aike ka kai mota Maskat, babban birnin Oman, ya ce a tafi da bakanike saboda tsawon hanya. Ka zaɓe ni, ban san da wata manufa a ranka ba. Kwana ɗaya tak muke da shi bayan mun miƙa motar, washegari jirginmu zai tashi. Ni na so in kwanta in huta. Kai kuwa tun bayan asuba ka tsaya a kaina da kyamara a wuya kana cewa, "Yalla, tashi mu je, Malam Suraj, rana ba ta jira."

Wautar da muka tafka, har yau in na tuna sai na ji kunya. Mu a tunaninmu ƙasar Larabawa duk ɗaya ce, zafi ne daga farko har ƙarshe. Jallabiya muka sa da silifas. Motar haya ta ajiye mu a ƙarshen kwalta, direban ya dube mu daga sama har ƙasa, ya girgiza kai. Ba mu yi tafiyar sa'a guda ba iska ta fara yankar kunne. Ruwan da ke kwance a lungunan duwatsu ya daskare a sama, na taka da yatsa ya fashe. Yatsun ƙafata suka mutu. Na zage ka, na zagi kyamararka, na ce in na koma Doha da rai ba zan ƙara amsa gaisuwarka ba. Ka cire rawanin da ka naɗe wuya da shi ka miƙo mini, ka ci gaba da hawa kana haki. Lokacin ban san zuciyarka ta fara ba ka wahala ba. Ka ɓoye mini, kuma wannan kam ban yafe wa kaina rashin lura ba.

Bayan azahar muka isa. Ɗan ɗaki ne na duwatsu a bakin kwazazzabo, da ƙofar katako a sakaye, ga magudanar ruwa ta bi ta gefensa an toshe ta da falalen dutse. Babu kowa, ko akuya babu. Na ce alhamdu lillahi, ɗauki mu sauka.

Sai ka gyara tsayuwa a bakin ƙofa ka ce, "Salamu alaikum."

Na ce, "Wa kake yi wa sallama? Aljanu?"

Ka sake yi. Ka yi ta uku. Da shiru ya amsa, sai ka mayar da murfin kyamara. Ka ce wurin nan an share shi, an gyara ƙofarsa, ke nan yana da mai shi, kuma Inna ba ta koya maka shiga ɗakin mutane ko ɗaukar kayansu a hoto ba tare da izini ba. Ka ce in ta tambaye ka wa ya ba ka dama, me za ka ce mata?

Kai, ranar na ga taurin kai! Na nuna maka rana ta fara karkata. Na tuna maka gobe jirgi, na tuna maka idon Inna ba zai jira wata shekara ba. Na ga maganar ta soke ka, don ka daɗe kana kallon ƙofar. Amma ka juya. Muka gangara kusan sa'a guda ta wata hanya zuwa wasu gidaje da muka hango a ƙasa, ina biye da kai ina surfa maka mita.

A can muka sami mai wurin, wani dattijo da ake kira Salim, yana gyaran bishiyar rumman. Da Larabcinka na direba ka yi masa bayani, kana haɗawa da hannu. Da ya gane cewa mun kai har ƙofa mun dawo don neman izini, sai ya dubi silifas ɗinmu, ya yi dariya har ya dafa bango. Daga nan ya shiga gida ya fito da barguna biyu da ɗan buhun alkama, ya ɗora a jaki, ya ce mu koma tare.

Hawa na biyu ya fi na farko azaba, sau uku kana zama kana dafe ƙirji. Mun isa rana ta kusa taɓa kan tsauni. Dattijon ya janye falalen dutsen, ruwa ya kwararo ƙarƙashin ɗakin, muka ji gurnani, sai ga dutse mai faɗin faifai goma yana juyawa shi kaɗai, gari yana zubowa ta gefe. Ka tsaya baki buɗe, sai da na zungure ka ka tuna da kyamara. Da na ci galaba a kanka da azahar, dutse a tsaye za mu ɗauka. Fim uku ya rage maka. Ka ɗauki biyu, na ƙarshen ka miƙo mini ka ce in ɗauke ka a gefen dutsen. Hannuna na rawa don sanyi, na danna.

A watan Afrilu ka tafi hutu da hotunan, an wanke su manya. Ka ba ni labarin yadda Inna ta fito tsakar gida da hantsi, ta kai hoton har kusa da hancinta, tana juya shi zuwa haske. Ta ce, "Ina mai niƙan?" Ka ce babu, ruwa ne. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe akwai ƙasar da mata suka huta. Na yarda, Ɗantala." Kafin damina ta ƙare ganinta ya ɗauke gaba ɗaya.

Shekaranjiya na kira ta in yi mata gaisuwa. Na shirya kalaman ba da haƙuri, ita ta riga ni. Ta ce, "Kai ne ka ɗauki na ukun, wanda ya karkace?" Na ce ni ne, Inna, a yi haƙuri, sanyi ne. Ta ce, "Allah Ya yi maka albarka. Na dutsen na manta kamanninsa. Wannan kuwa na kalle shi kullum har idona ya rufe. Yana naɗe da bargo, yana dariya, gari a gemunsa. Haka nake ganin ɗana yanzu." Sai ga shi ita ce ta yi ta ba ni haƙuri har layin ya yanke.

Allah Ya jiƙan ka, Ɗantala. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Haulat, da 'ya'yanka Murja da Garzali, da 'yan'uwa na Funtuwa, da jama'armu ta Aziziya da Sana'iyya. Allah Ya raya abin da ka bari bisa tarbiyyar da aka yi maka. Inna Asabe kuwa, Allah Ya ba ki haƙurin wannan babban rashi, Ya mayar miki da ganinki ranar da zai haɗa ki da ɗanki. Amin.