Ubangidan Baba na Amurka

Duk unguwarmu ta bayan Bab Makka a Jidda sun ɗauka Baba yana da babban mutum a Amurka. Ba shi da kowa. Ni na sani, don ni ke karanta masa wasiƙun.

Abin bai taka kara ya karya ba. Baba direba ne a wani kamfani da ke aikin tashar jirgin ruwa. Wani Ba'amurke, magajin wani gari da ake ƙera famfunan ruwa, ya zo Jidda tallar kayan garinsu, Baba ya tuƙa shi kwana shida. Ranar tafiya ya miƙa masa kati, ya ce in da wata bukata ya rubuto. Shi ke nan Baba ya yi ubangida.

Duk shekara bayan aikin Hajji sai ya haɗa gaisuwa, dabino da turare. Amsa ta zo da hoton mutumin da matarsa da karensu. Da na shiga sakandare Turancina ya ɗan nuna, na gane wasiƙar bugun inji ce, har sa hannun. Sunan Baba kaɗai ake cusawa a sama, shi ma a karkace. Amma in ya gyara zama ya ce da ɗan Larabcinsa, "Yalla, ya binti, me ya ce?" sai in ce yana gaishe ka, yana tambayar Umma. Shekara huɗu ina wannan ƙaryar.

Sai mutumin ya bar kujerar gari ya ci zaɓen majalisar ƙasarsu. Baba ya sa aka dafa shinkafa da nama, ya kira maƙwabta.

"Kai da ko akwatin ƙuri'a ba ka taɓa gani ba," in ji Umma.

"Hakimi ya shiga fada," ya ce. "Mu ma mun shiga."

A shekarar na gama makaranta, ina son kwalejin malamai mata. Suka ce in kawo takardar shaidar zama. A Jidda aka haife ni, amma Baba da ƙafa ya zo ta Sudan yana yaro, iƙama, katin izinin zama, kawai gare shi, ni ko ita ba ni da. Na roƙe shi ya je wurin kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a kan iƙamar. Ya ƙi. Wai mai ubangida ba ya roƙo a ƙofa biyu, cin fuska ne. Muka rubuta Amurka. Muna jira aka rufe ɗaukar ɗalibai.

Amsar da ta zo layi uku ce, daga sakatariyarsa. Mutanen mazaɓarsa kaɗai yake iya taimaka wa, mu nemi namu wakilin. Namu wakilin. A ina?

Na karanta wa Baba yadda take.

"Sake dubawa, kin cika gaggawa."

"Baba, halas, magana ta ƙare. Bai san ka ba."

"Bai ce a gaida Ummanki ba?"

"Bai taɓa cewa ba. Ni ce nake ƙarawa."

Bai yi faɗa ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Da Hajji ya zagayo na gan shi ya dawo daga kasuwa da dabino, ya rasa mai rubuta masa.

Ni dai na yanke shawara in je ofishin jakadancin ƙasar da Baba ya baro, in nemi fasfon garin da ban taɓa gani ba. Ban sa rai ba, amma zan bi layin.